Yadda za ka rubuta tarihin malamin jami'a baƙar fata na Amurka ba tare da ka tauye shi ba

A 1963 Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta sa wa cibiyarta ta nazarin Afirka sunan wani malami Ba'amurke baƙar fata, William Leo Hansberry. Mutumin nan ya shekara 37 yana koyarwa a Jami'ar Howard da ke Washinton, daga 1922 zuwa 1959. Ba shi da digirin digirgir, kuma har ya bar duniya bai ga babban littafin da ya ƙare rayuwarsa yana tara masa bayanai ya fito ba. Da za a rubuta ta'aziyyarsa irin yadda aka saba, wato shekarar haihuwa, jerin digirori, muƙamai da lambobin yabo, layi biyar ya ishe shi, kuma mai karatu zai ɗauka wani ƙaramin malami ne da bai taɓuka komai ba. Alhali a ajinsa Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru, ya zauna ya ji tarihin tsoffin daulolin Afirka daga bakin wanda ya ɗauke su da daraja.

Wannan jagora ta wanda yake son rubuta tarihin irin waɗannan malamai ce, ko don jarida, ko shirin rediyo, ko kundin kammala digiri. Zan riƙa komawa kan Hansberry, domin kusan duk ramin da marubuci ke faɗawa yana cikin labarinsa.

Mataki na 1: Tsayar da suna da kwanan wata

Fara da takarda guda, ka rubuta cikakken sunansa, da duk wata siga da aka taɓa rubuta shi. Hansberry zai zo maka a matsayin William Leo, ko W. Leo, ko Leo kawai. Ga mata lamarin ya fi rikitarwa saboda aure: wadda ta sami digirin digirgir a fannin tattalin arziki a Jami'ar Pennsylvania a 1921 sunanta Sadie Tanner Mossell a lokacin, amma duniya ta fi saninta da Sadie Alexander. In ka nemi kundinta da sunan aure za ka sha wahalar banza.

Sai kwanan wata, kuma a nan ka buɗe ido. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. Hansberry ya rasu a Shikago ranar 3 ga Nuwamba, 1965. A takardunsu za ka ga 11/3/1965, idonka kuma zai karanta maka 11 ga Maris. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a kan wani malami dabam, na mayar da rasuwarsa baya da wata huɗu, sai da wani mai karatu ya kira ni ya ce ai a watan da na ce ya rasu yana nan da ransa har ya halarci bikin yaye ɗalibai. Tun daga ranar nake rubuta sunan watan da haruffa a littafina.

Haihuwarsa kuwa 25 ga Fabrairu, 1894, a Gloster ta jihar Mississippi. Don tabbatar da irin wannan, takardun ƙidayar jama'ar Amurka suna taimakawa. Ana sakin su bayan shekara 72, don haka na 1950 sun fito a 2022, kuma ana duba su kyauta a shafin intanet na binciken asalin iyali, FamilySearch. Abu biyu za ka riƙe: yawancin takardun ƙidayar 1890 sun ƙone a gobarar 1921, sannan kafin 1870 ba a rubuta bayi da sunayensu, sai dai a ƙarƙashin sunan ubangidansu da shekaru da jinsi. In malaminka ɗan bayi ne ko jikansu, daga 1870 za ka fara ganin iyalinsa a takarda.

Mataki na 2: San makarantar kafin ka san malamin

Wanda bai san yadda wariyar launin fata ta raba ilimin jami'a a Amurka ba zai yi wa malamin mummunar fahimta. Zai ga mutum mai digiri daga Harvard ko Yale ya ƙare aikinsa a wata ƙaramar kwaleji a kudu, ya zaci gazawa ce. Edward Bouchet ya sami digirin digirgir a kimiyyar fiziks daga Yale tun 1876, amma ya shekara 26 yana koyarwa a wata makarantar matasa baƙar fata a Philadelphia, saboda jami'o'in fararen fata ba sa ɗaukar irinsa. Sai a 1942 Jami'ar Chicago ta ɗauki wani baƙar fata, Allison Davis, aikin koyarwa na cikakken lokaci, shi ma da farko Gidauniyar Rosenwald ce ta ɗauki nauyin albashinsa. Tsakanin Bouchet da Davis shekara 66 ke nan.

Saboda haka yawancin malaman da za ka rubuta a kansu a kwalejojin baƙar fata na tarihi suka yi aiki, waɗanda dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ta fayyace a matsayin makarantun da aka kafa kafin 1964 don ilmantar da baƙar fata. Akwai Cheyney ta 1837, Lincoln ta 1854, Wilberforce ta 1856, Fisk ta 1866, Howard ta 1867, Tuskegee da Spelman na 1881, da waɗanda jihohin kudu suka kafa bayan dokar Morrill ta biyu ta 1890, wadda ta shafi tallafin gwamnati ga kwalejojin jihohi.

Makarantun nan suna canza suna, suna haɗewa, wasu suna rufewa, kuma takardunsu suna bin su ko su watse. Hansberry ya fara karatu a Jami'ar Atlanta, wadda ta haɗe da Kwalejin Clark a 1988 ta zama Clark Atlanta. Ya ɗan koyar a Straight da ke New Orleans, wadda aka narkar cikin Jami'ar Dillard. Kwalejin Storer da ke Harpers Ferry, inda Azikiwe ya fara sauka a 1925, an rufe ta a 1955. Kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, ka gano wace makaranta ce ta gaji wadda kake nema.

Mataki na 3: Kundin darussa na shekara-shekara

A nan nake so ka daɗe. Kowace jami'ar Amurka tana buga kundi duk shekara mai ɗauke da sunayen malamai, muƙamin kowa, digirorinsa da inda ya samo su, da jerin darussa tare da ɗan bayanin kowane darasi. Da yawa an ɗora su a taskokin littattafai na intanet irin su Internet Archive da HathiTrust da shafukan ɗakunan karatu na makarantun. Ba su da daɗin karatu ko kaɗan, rubutu ne ƙanana a jere kamar takardar albashi. Amma babu wata majiya da ta kai su faɗin gaskiya a kan aikin malami, domin ba don yabo aka rubuta su ba.

Ga yadda nake yi. Na ja layi huɗu a takarda: shekara, muƙami, sashe, darussa. Na buɗe kundin shekarar da ya fara aiki na cike layin farko, na tsallaka shekara biyu na sake cikewa, haka har ritaya. In na ga wani abu ya canza, sai na koma na duba shekarar da na tsallake. Kafin ka kai ƙarshen shafin labarin ya fara fitowa da kansa. Za ka ga mutum ya shekara goma sha wani abu a muƙami ɗaya, waɗanda suka zo bayansa sun wuce shi. Za ka ga darasin da ya ƙirƙiro ya bayyana, ya ɓace, ya dawo. Za ka ga malama ɗaya an jera mata Faransanci da Jamusanci da adabi, ga kuma kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata, sai ka gane dalilin da ya sa ba ta bar tarin maƙalu ba.

Kula da muƙaman sosai, don ba daidai suke da namu ba. Mu a nan laccara ne ke hawa matakai har ya kai farfesa. A can akwai mai koyarwa a ƙasa, sai mataimakin farfesa, sai farfesa na tsakiya, sai cikakken farfesa, kuma ɗalibai duk farfesa suke kiransu. Mataimakin farfesa a can ya fi kusa da laccara a wurinmu. In ka rubuta "Farfesa wane" a Hausa, mai karatu zai ɗauka ƙololuwa ya kai. Akwai kuma tabbatar da malami a kujerar dindindin, wadda in ya samu ba a iya sallamarsa haka siddan. Shekarar da aka ba mutum wannan kujera, ko aka hana shi, tana daga cikin manyan ranakun rayuwarsa. Davis ya samu tasa a 1947.

Kusa da kundin darussa akwai littafin hotunan ɗalibai masu fita, na Howard sunansa Bison. Duba shafukan farko. Ajin da ya sadaukar da littafinsa ga wani malami ya gaya maka abin da ba za ka samu a ofishin rajistara ba.

Mataki na 4: Jaridu da mujallun baƙar fata

Manyan jaridun fararen fata na wancan zamani ba su cika damuwa da rasuwar malamin Fisk ko Tuskegee ba. Inda za ka dosa shi ne Chicago Defender, Pittsburgh Courier, Afro-American ta Baltimore, da mujallar The Crisis wadda masani baƙar fata W. E. B. Du Bois ya fara shiryawa a 1910, ita kuwa takan ware fitowa guda a shekara don harkar ilimi, da sunaye da hotunan waɗanda suka kammala karatu. A ɓangaren masana akwai Journal of Negro History da Carter G. Woodson ya kafa a 1916, da Journal of Negro Education da aka fara a Howard a 1932. Duka biyun suna JSTOR, taskar mujallun masana ta intanet, kuma in ka yi rajista ana barinka ka karanta wasu maƙalu kyauta duk wata. Ga waɗanda suka rasu a 'yan shekarun nan, Journal of Blacks in Higher Education, wadda aka kafa a 1993, tana buga gajerun ta'aziyya. Farawa ake yi da su, ba a tsayawa a kansu, domin yawanci daga sanarwar jami'a ko ta iyali ake tsakuro su.

Wajen nema a intanet, yi amfani da kalmomin zamanin. Takardar 1925 "Negro" ko "Colored" za ta ce. In ka sa kalmar yau ba za ka same ta ba.

Mataki na 5: Rubuta wa ɗakin adana takardu

Ba sai ka je Amurka ba. Manyan wuraren su ne Cibiyar Moorland-Spingarn a Howard, Cibiyar Schomburg a unguwar Harlem ta Niyok, Cibiyar Amistad a New Orleans, da ɗakin karatu na Woodruff da kwalejojin Atlanta suke tarayya a kai. Takardun Du Bois suna Jami'ar Massachusetts a Amherst, an kuma ɗora su a intanet kyauta, kuma da yake malamai baƙar fata da yawa na zamaninsa sun taɓa rubuta masa wasiƙa, yana da kyau ka gwada sunan naka a can.

Kowane tarin takardu yana da jadawalin da ke nuna abin da ke cikin akwati na kaza, fayil na kaza. Karanta shi tukuna, sannan ka aika imel gajere: ga ni, ga abin da nake rubutawa, ina neman hoton fayil na 7 a akwati na 12. Wanda ya ce "ku turo min duk abin da kuke da shi a kan wane" ya haɗa kansa da jira. Ma'aikatan ɗakunan nan kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa, wani lokaci kuma akwai ɗan kuɗin ɗaukar hoto. Fayil ɗin ma'aikaci da na ɗalibi sau da yawa a rufe suke na tsawon shekaru, kada ka ɗauka rowa ake yi maka.

Mataki na 6: Nemo ɗalibansa

Aikin malami a jikin ɗalibansa yake, kuma shi ne sashen da masu ta'aziyya suka fi tsallakewa don ya fi wuya. In malamin ya rasu kwanan nan, tsoffin ɗalibansa suna nan, ƙungiyar tsoffin ɗaliban makarantar za ta iya haɗa ku. In ya daɗe, nemi abin da suka bari: tarihin rayuwarsu da suka rubuta, shafin godiya a farkon kundin digirinsu, da hirarrakin bidiyo na The HistoryMakers, taskar da aka kafa a Shikago a 1999 wadda yanzu ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ke adana ta.

In za ka kira wani, lissafa lokaci. Washinton tana bayan Najeriya da Nijar da awa shida a lokacin sanyinsu, awa biyar a lokacin zafi. Bayan sallar isha'i a Kano ko Zinder, can rana ce tsaka, tsohon ya ci abinci ya zauna. Gabatar da kanka, nemi izinin naɗar murya, kuma kada ka fara da "wane irin mutum ne?" Amsar kullum ɗaya ce: mutumin kirki ne, ya ƙarfafa mana gwiwa. Tambaye shi abin da ido ya gani. Da me yake shiga aji? Me yake rubutawa a gefen takardarka in ya duba? Ya taɓa kiranka gidansa? Ranar da kuɗin makaranta ya yanke maka, wa ka nufa? In ya yi shiru, ƙyale shi, kada ka cike masa gurbin. Sau da yawa bayan shirun nan ne zai ce "bari in gaya maka wani abu", kuma abin da zai biyo baya shi ne sakin layin da mai karatu zai riƙe.

Hansberry ya shahara wajen tsaya wa ɗaliban Afirka da ke Amurka, yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar da ta zama African-American Institute a 1953, wadda ta yi aikin tallafin karatu. Amma a nan ma akwai tarko. Za ka ga an rubuta a wurare da dama cewa Kwame Nkrumah ɗalibinsa ne. Nkrumah a Lincoln da Pennsylvania ya yi karatu. Azikiwe ne ya zauna a Howard kafin ya koma Lincoln ya kammala a 1930. Bambance wanda ya zauna a ajin malami da wanda ya ƙaru da shi daga waje, ka faɗi kowanne da sunansa.

Mataki na 7: Tarkon "na farko"

Kusan kowace ta'aziyya ta malami baƙar fata tana ɗauke da "shi ne baƙar fata na farko da ya yi kaza". Wasu gaskiya ne tsaf: Du Bois ne na farko da ya sami digirin digirgir a Harvard a 1895, Mordecai Johnson ne baƙar fata na farko da ya shugabanci Howard a 1926, Ruth Simmons ce ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin jami'o'in Ivy League, rukunin manyan tsoffin jami'o'in Amurka, da ta karɓi Brown a 2001. Wasu kuwa sai ka tsaya.

Ɗauki 1921. Mata uku baƙar fata suka sami digirin digirgir a watan Yunin shekarar: Georgiana Simpson a Chicago, Sadie Mossell a Pennsylvania, Eva Dykes a Radcliffe. Dykes ce ta fara cika sharuɗɗa, amma bikin makarantarta ne ya zo a ƙarshe, Simpson ta riga kowa karɓar takarda. To wace ce ta farko? Ya danganta da abin da kake ƙirgawa, kuma aikinka ne ka faɗa wa mai karatu wanne ka ƙirga. Ko ɗauki Patrick Healy, wanda ya shugabanci Georgetown daga 1874 zuwa 1882. Mahaifiyarsa baiwa ce, amma a zamaninsa a matsayin farar fata ya rayu, sai daga baya aka fara kiransa shugaban babbar jami'a baƙar fata na farko. In ka rubuta haka ba tare da wannan bayani ba, ka ba mai karatu hoton da bai faru ba.

Ra'ayina shi ne a rage dogaro da wannan kalma. Tana auna mutum da ranar da fararen fata suka buɗe masa ƙofa, ta bar ɗaruruwan malaman da suka ƙare rayuwarsu a ƙananan kwalejojin baƙar fata irin su Talladega ko Tougaloo ba tare da sun zama na farkon komai ba.

Mataki na 8: Abin da aka yi masa

Mun taso ana ce mana a faɗi alherin mamaci, a rufe aibinsa. Daidai ne. Amma zaluncin da aka yi wa mamaci ba aibinsa ba ne, kuma rufe shi rufa wa wasu asiri ne. Da Hansberry ya fara darussansa a kan tsoffin daulolin Afirka a Howard, wasu manyan abokan aikinsa, baƙar fata irinsa, suka kai ƙara ga shugabannin jami'ar cewa yana koyar da abin da ba shi da hujja, zai zubar da mutuncin makarantar. Har an yanke shawarar dakatar da darussan kafin a janye. Rashin digirin digirgir ɗinsa ma yana da dalili: ya yi digirin farko a Harvard a 1921, na biyu a 1932, ya je Oxford ta Ingila ƙaro bincike, kuma malaminsa a Harvard, Earnest Hooton, ya rubuta cewa bai san wani masani da ya kai shi sanin fannin ba, matsalar ita ce babu jami'ar da ta damu da fannin har ta duba masa kundi.

Ka ga ke nan labarin ya fi "fari ya zalunci baƙi" sarƙaƙiya, kuma haka za ka rubuta shi. Sharaɗi ɗaya: duk zargin da za ka kawo ya kasance yana da takarda ko shaida biyu da ba su jiyo daga juna ba. In iyali ne kawai suka faɗa, rubuta cewa iyalinsa ne suka faɗa.

Mataki na 9: Zauna ka rubuta

Kada ka buɗe da ranar haihuwa. Buɗe da abu ɗaya da ka tono wanda ke nuna mutumin a bakin aiki, sannan a sakin layi na biyu ka faɗi ko wane ne, yaushe ya rasu, a ina, yana da shekara nawa. Daga nan bi shekaru a jere, ka ba aji da ɗalibai fili mafi girma. Digirori jimla biyu sun ishe su. Lambobin yabo ka zaɓi wadda ke da ma'ana a labarin: ga Hansberry, kyautar Haile Selassie ta binciken Afirka da aka ba shi a 1964, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, ta fi dogon jeri amfani, musamman in ka riga ka faɗi cewa a 1953 ya sami tallafin bincike na Fulbright ya je Masar da Sudan da Habasha ya ga wuraren da ya shekara talatin yana koyarwa a kansu.

Bi sawun aikinsa bayan rasuwarsa ma. Masanin tarihi Joseph E. Harris ne ya tattara rubuce-rubucen Hansberry ya fitar da su a littattafai biyu, a 1974 da 1977, daga maɗaba'ar Jami'ar Howard.

Sunayen makarantu da na mutane ka bar su yadda ake rubuta su, don mai karatu ya iya nema. Muƙamai ka fassara su da ɗan bayani sau ɗaya. Kafin ka miƙa, ɗauki jan biro ka ja layi ƙarƙashin kowace shekara, kowane adadi, kowane "na farko", ka rubuta a gefe inda ka samo shi. Wanda ka rasa majiyarsa, cire shi. Sannan ka aika wa wanda ka yi hira da shi sakin layin da maganarsa take ciki, tare da fassararsa zuwa Ingilishi, ka ba shi kwana uku ya duba ko haka ya faɗa.